Sha-Bakwai da Dokar Ramuka

Yayana ya shekara goma sha biyu yana ɗan majalisa, amma in ka fita daga unguwannin da suka zaɓe shi da wuya ka sami mai iya faɗin sunansa. A cikin majalisar ma ba da sunansa ake kiransa ba. Sha-Bakwai suke ce masa, saboda ƙa'ida ta goma sha bakwai a littafin ƙa'idojin zama, wadda ta ce ba a yanke hukunci a kan komai sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa suna zaune a zaure. Kujerun arba'in da biyar ne. Ke nan sai da mutum goma sha biyar, ban da kakaki.

Ni na riga shi shiga ginin da shekara tara. Ina sashen rubuta muhawara, ɗaki na ƙarshe a hawan ƙasa, jikin banɗakin maza, mu huɗu da tafireta uku. Biyu-biyu muke shiga zaure, mu yi minti ashirin muna ɗaukar magana da gajeren rubutu, rikoda na juyawa a gefe, mu fito wasu su shiga. Sai bugawa. Abin da mutum ya faɗa shi ake bugawa a kundi. Tari da gyaran murya kawai ake cirewa. Zagi ma barinsa ake yi. In kakaki ya sa an janye, sai a buga zagin, a buga janyewar a ƙasansa. Saboda haka duk abin da Yaya ya faɗa a zauren nan ya bi ta yatsuna ko na abokan aikina, kuma ba shi da yawa.

Kafin siyasa, shekara ashirin da shida ya yi a tashar jirgin ƙasa yana duba tarago. Jirgi ya shigo ya ƙirga, jirgi zai fita ya ƙirga, ya sa hannu. Ba shi da baki, ba shi da jama'a, bai iya dariyar da ba ta zo masa ba. Kujerar ma faɗowa ta yi a kansa. Wasu manya biyu a jam'iyya ne suka yi rigima a kanta, kowa ya rantse ɗan'uwansa ba zai hau ba, sai aka nemo wanda babu mai tsoronsa. Ranar rantsuwa aka raba wa kowa jaka da littafin ƙa'idoji a ciki. Sauran 'yan majalisar jakar suka riƙe. Shi littafin ya karanta, a bas, zuwa da dawowa, har bangon ya rabu biyu matarsa ta ɗinke masa da zare.

Wanda bai taɓa zama a majalisa ba yana zaton wurin cike yake kullum da masu tayar da jijiyar wuya. Da safe dai ana cika, saboda da safe ake sa hannu a rajista, da safe kuma masu ɗaukar hoto suke nan. Da an tafi cin abincin rana shi ke nan. A dawo mutum tara, mutum goma sha ɗaya, rabinsu na gyangyaɗi, fankar sama na ƙara kamar za ta faɗo. A wannan lokacin ake wuce da abubuwan da ba a son surutu a kansu. Kuma ƙa'idar tana da ƙofa: muddin babu wanda ya miƙe ya ce ba a cika ba, to a wurin doka an cika.

Yaya shi ne mai miƙewa. Ba ya ɗaga murya. Sai ka ga leɓensa na motsi, idonsa na bin layi-layi, sannan ya dafa tebur ya tashi ya ce, "Mai girma kakaki, ƙa'ida ta goma sha bakwai." Dole a kaɗa ƙararrawa minti biyar. Bulaliyar majalisa, wato wanda aikinsa tattaro 'yan jam'iyya, ya fita da gudu ɗakin cin abinci da wurin ajiye motoci yana roƙon mutane. In an cika a ci gaba, in ba a cika ba a ɗage zama. A shekararsa ta farko kaɗai sau talatin da ɗaya na buga wannan jimlar.

Akwai wani ɗan majalisa mai ƙiba da ake kira Mai-Tireloli, yana zama a bayansa. Shi ya taɓa cewa, a buɗe cikin zaure, wannan mutum ko ranar jana'izarsa sai ya ɗago kai ya ƙirga sahu kafin ya yarda a rufe shi. Aka yi ta dariya har da buga tebur. Yaya ya jira aka gama, ya nemi a janye maganar bisa ƙa'ida ta talatin. Aka janye. Na buga duka biyun.

Ba zan ce bai yi amfani ba. Shi ya sa aka daina raba takardun doka a bakin ƙofa ana shiga. Ya nace sai an ba kowa kwana biyu kafin muhawara. Shi ya sa dole a karanta duk gyaran da aka yi wa ƙudiri da babbar murya kafin a kaɗa ƙuri'a, don an taɓa wucewa da wani layi da babu wanda ya san wa ya sa shi. A shekararsa ta uku kuma ya sa kakaki ya yanke cewa ƙorafin rashin cika a lokacin ake yinsa, ba bayan an tashi ba. Har yau da waɗannan ake aiki, kuma masu aiki da su ba su san daga ina suka fito ba. Ladan da aka ba shi shi ne kwamitin ɗakin karatu, ɗakin da rufinsa ke yoyo, babu mota, babu tafiya ko ina. Matarsa takan ce matan sauran 'yan majalisa sun sami mazaje, ita ta sami mai gadi. A gida ma haka yake. In 'ya'yansa mata biyar suka dawo daga makaranta sai ya tsaya a ƙofa yana taɓa kawunansu ɗaya-ɗaya, alhali yana ganinsu.

Abu ɗaya tak ya taɓa nema don kansa, shi ne dokar ramuka. A ƙarshen mazaɓarsa, inda gari ya ƙare, kamfanoni na haƙar yashi da tsakuwa. In sun gama da wuri sai su kwashe injinansu su bar rami mai zurfin bene biyu. Ruwan sama ya cika shi, ya kwanta lumui kamar ba komai, ga makarantu biyu a kusa. Duk shekara sai an ciro yaro biyu ko uku. Ramukan goma sha ɗaya ne a lokacin. Ƙudirin shafi huɗu ne kacal: wanda ya haƙa ya kewaye da waya yana aiki, in ya gama ya cike. Da hannu ya rubuta, ni na buga masa a gida ranar hutu, ya miƙa a shekararsa ta biyu.

A nan suka same shi. Duk ranar da ƙudirin ya hau jerin aiki, sai ka ga ana sulalewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tafi banɗaki, wancan an kira shi a waya. In sun ragu goma sha uku sai Mai-Tireloli ya miƙe, ya kwaikwayi muryar Yaya, ya kira ƙa'ida ta goma sha bakwai. Sau huɗu suka yi masa haka. Wasunsu don suna da hannu a yashin, amma yawancinsu don ramuwa kawai, ba su ma karanta shafi huɗun ba. Yaya bai taɓa yin ƙorafi ba. Ya ce mutumin a kan ƙa'ida yake. Majalisa ta farko ta ƙare ƙudirin ya mutu, don duk abin da ba a gama ba tare da majalisar yake mutuwa. Ya sake miƙawa a ta biyu, ya sake mutuwa a kwamiti. Mutanen unguwa suka ci gaba da zaɓensa, ina jin don ba su da wani wanda ya taɓa ko ambaton ramukan.

A majalisa ta uku jam'iyya ta gaya masa ba za ta sake tsayar da shi ba. Ya haura sittin da biyar, ƙafarsa ta fara kumbura. Ban san wa ya ji tausayinsa ba, ko kuwa gajiya da shi aka yi. Kwamiti ya saki ƙudirin, kakaki ya sa shi karatu na uku ranar Laraba, saura zama ɗaya a rushe majalisa. Shugaban masu rinjaye ya tare shi a baranda, a gabana, ya riƙe masa hannu ya ce, "Dattijo, kyauta za mu yi maka. Abu ɗaya muke so, ka riƙe bakinka na minti goma."

Ni ce a zaure da aka zo kansa, ƙarfe uku da 'yan mintoci. Shekarun da na yi ina kallon leɓen Yaya sun sa ni ma ina ƙirgawa ba da nufi ba. Mutum goma sha biyar ne daidai da akawu ya fara karanta kan ƙudirin. Yana tsakiyar karatu wani matashin ɗan majalisa ya duba agogo, ya ɗauki jakarsa ya fice. Daga baya na ji babu haɗin baki a maganar, matarsa zai ɗauko daga asibiti. Saura goma sha huɗu.

Na kalli Yaya. Leɓen ya yi motsi ya tsaya, ya sake yi daga farko ya tsaya a wuri ɗaya. Hannunsa na dama ya tafi kan tebur kamar yadda ya saba. Kowa ya gani. Kakaki, tsohon lauya ne mai ciwon baya, ya leƙo shi ta saman tabarau, ya ɗan jira, abin da ba ya yi wa kowa. Yaya ya janye hannun ya sa a cinya. Aka tambayi masu goyon baya, aka tambayi masu adawa, kakaki ya buga guduma. Shekara goma sha ɗaya, cikin abin da bai kai minti shida ba. Mai-Tireloli ya rungumo shi ta baya yana jijjiga shi yana cewa ashe kai ma mutum ne.

Da yamma gidan ya cika da mutanen unguwa, yawanci mata. Matarsa ta yi ta fito da kujeru har na maƙwabta. Shi yana ɗaki a bakin gado, takalmi ɗaya a cire ɗaya a ƙafa, abincinsa ya huce a gefe. Na san shi tun ina goye a bayansa, don haka ban yi wani kwana-kwana ba. Na ce masa babu wanda ya miƙe, saboda haka an cika, doka ce ta ce ba ni ba. Ya ce ya sani, shi ya koya musu. Sai ya ɗago.

"Ke nawa kika ƙirga?"

"Ba ƙirga aka ɗauke ni yi ba, Yaya. Bugu aka ɗauke ni."

"Sha huɗu," in ji shi.

Na ce masa in ya buɗe baki gobe, ya nemi wata ƙanwar. Ya ci gaba da kwance igiyar takalmi.

Kowane zama da karanta taƙaitaccen rahoton zaman jiya ake buɗe shi, a tambaya ko akwai gyara. Ba a taɓa samun mai gyara ba sai shi. Ranar Alhamis zaure ya cika maƙil don ranar bankwana ce, har da 'yan jarida a sama. Kakaki ya tambaya ko akwai gyara alhali ya riga ya ɗaga guduma. Yaya ya miƙe. Abin da ya faɗa ga shi, yadda yake a kundi:

"Mai girma kakaki, jiya lokacin da aka kaɗa ƙuri'a a kan ƙudirina mutum goma sha huɗu ne a zaure. Na ƙirga sau biyu. Na yi shiru saboda nawa ne. Ina so majalisa ta sani."

Zauren ya kaure da hayaniya. Kakaki ya buga guduma har sau biyar, ya ce maganar ba ta kan ƙa'ida, ƙorafin rashin cika a lokacinsa ake yi, kuma mai girma ɗan majalisar ya fi kowa sanin wanda ya jawo wannan hukunci. Ƙudiri ya wuce, ya wuce. Yaya ya ce ya gode, ya zauna.

Da rana ya leƙo ɗakinmu, abin da bai taɓa yi ba, fuskarsa a sake. Ya ce min ai ya yi lissafinsa tun a gida. Hukuncin shekararsa ta uku ya kulle ƙofar, babu mai iya taɓa ƙudirin yanzu, don haka dokar ta tsira shi ma ya tsira. Da gaske yake. Kuskurensa ke nan duka. Ya san littafin nan daga bango zuwa bango, ya ɗauka duniya a cikinsa ta ƙare. Ya manta ƙudiri ba ya zama doka sai ya fita daga ginin an kai shi wani gini an sa masa hannu, kuma a can babu wanda ƙa'idar zaure ta ɗaure.

Sauran kuskuren nawa ne, ba zan ɓoye ba. Ba ni ce a zaure da safen ba, amma ni ce babba a ɗakin, ta hannuna shafukan ke wucewa kafin a kai maɗaba'a. Shugaban sashenmu ya zo ya tsaya a kaina, ya yi ƙasa da murya. Ya ce tunda kakaki ya ce maganar ba ta kan ƙa'ida, babu laifi a rubuta cewa wani ɗan majalisa ya yi tsokaci kakaki ya dakatar da shi. 'Yan jarida hayaniyar suka ji, ba su kama adadin ba. Kaset ɗin kuwa bayan wata ɗaya ake gogewa a sake amfani da shi. Ya ce, "Baba, yayanki ne, kuma yaran mutane ne. Ni ban ga komai ba."

Na zauna da takardar a gabana har abokan aikina suka tashi. Na san ramukan, na je gaisuwa a gidaje uku. Amma shekara ashirin da ɗaya ina wannan aiki ban taɓa cire wa kowa magana ba, har wanda ya zagi uwar wani. Na sa takarda a tafireta da niyyar taƙaitawa, yatsuna suka buga abin da aka faɗa. Na karanta, na ga babu kuskure ko ɗaya, na sa hannu na miƙa. Kada wani ya yaba min. Ciki ɗaya muka fito da shi, cutar ɗaya ce.

Kundin muhawara abu ne da ba mai karantawa. Bugawa ake yi a jibge a ɗakin karatun nan mai yoyo. Amma sati bai cika ba sai ga wasu lauyoyi biyu masu kwat sun zo neman kwafin zaman Alhamis. Bayan sati uku ofishin shugaban gwamnati ya dawo da ƙudirin ba sa hannu, da wasiƙa mai ladabi. Wasiƙar ta ce ba zai yiwu a sa hannu a dokar da mai ita da kansa ya shaida a rubuce cewa an zartar da ita ba a cika ba, don kotu za ta rushe ta a zama ɗaya. A mayar wa majalisa ta sake kaɗa ƙuri'a. Har lambar shafi suka sa. Majalisar da za a mayar wa kuwa an riga an rushe ta.

Da kansa ya ɗauki wasiƙar ya kai unguwa. Aka taru a wani aji na makarantar firamare, manya a kan bencin yara, gwiwoyi a sama. Ya karanta musu daga farko har ƙarshe, ya gaya musu abin da ya yi, bai rage ba. Wata mai sayar da gawayi, wadda aka ciro 'yarta daga ramin da ya fi girma shekara uku kafin nan, ta tambaye shi ba tare da faɗa ba. Ta ce shi wannan na goma sha biyar ɗin, da ya zauna bai fita ba, e zai ce ko a'a? Yaya ya ce e zai ce. Ta ce to me ya rage ke nan? Ya fara yi mata bayanin ƙa'ida ta goma sha bakwai. Ta gyara mayafinta ta fita yana magana, sauran suka bi ta a hankali, wasu har suna yi masa sallama.

Matarsa ta yi wata huɗu ba ta yi min magana. Shi dole ta yi masa, amma ba fiye da ga ruwa ga abinci ba. Da ta buɗe baki daga ƙarshe, cewa ta yi mu biyu mu je mu ci takarda, tunda ita muka haifa.

Shekara tara ya yi a raye bayan nan. Wanda ya gaje kujerar ya zo gaishe shi da motoci uku, Yaya ya ba shi shafi huɗun a cikin ambulan, ya karɓa da hannu biyu ya miƙa wa direba. Ba a sake jin labarinsu ba. Shi kuma da damina ta kama sai ya sayi usur da kujerar roba. Daga tashin makaranta zuwa faɗuwar rana yana bakin babban ramin da lema, yaro ya matso ya busa. Yaran suka mai da abin wasa, su rugo har baki don su ji usur su arce. 'Yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya ce, ta yi faɗa har ta gaji saboda ƙafarsa. Ramukan a lokacin sun kai goma sha shida, shi kuwa ɗaya yake iya tsarewa. A dai wannan ɗayan ba a ciro kowa ba tsawon shekarun da yake zama.

Ba mu taɓa tayar da maganar ba, ni da shi, sai da ya kwanta a asibiti kwanciyar ƙarshe. Ina yanke masa farce ya tambaye ni, da ya roƙe ni a ranar in cire, da na cire? Na ce da ya roƙa da na cire. Ya ce shi ya sa bai roƙa ba. Na ce masa ban ga abin alfahari a ciki ba, nasa ko nawa. Ya ce shi ma bai ce akwai ba. Ya miƙo min ɗaya hannun.

Allah ya jiƙansa. Daminar da ta biyo bayan rasuwarsa babban ramin ya ci yara biyu, wa da ƙani, rana ɗaya. An ce ɗan majalisar unguwar ya yi jawabi mai ratsa jiki a kai, har aka yi shiru na minti ɗaya a zaure. Ban karanta ba. Na daɗe da barin aiki, idon ma yanzu ba ya ɗaukar ƙananan rubutu.